Tukwanen Bakin Gabas

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan, ga ta nanku, amma wannan babu Gizo a cikinta, babu Ƙoƙi. Da ƙafata na taka ta, da kaina na ɗauke ta.

Abin da ya tayar da zancen, jikata Nana ce ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da wata takarda tana karanta wa ƙannenta suna dariya. Wai Ingilishi suna da sunaye barkatai na mutumin da ke kallon sama. Wai wasu da fari na girmamawa ne, na masana taurari, daga baya suka koma na zolayar wanda ya saki baki yana mafarki da rana tsaka. Da ta gama sai ta ce, "Kaka, ke ma da a can kike da kin sami suna. An ce aikinki ke nan a da, ki ɗaga kai ki ce za a yi ruwa ko ba za a yi ba." Na ce mata ba sai na je can ba. A nan Jiratawa sunaye uku na ci saboda sama, kuma kowanne na san ranar da aka raɗa mini shi da bakin da ya raɗa. Na ce ta ɗauko alƙalaminta. Tunda kuna ganin ɗaga kai ne kawai, bari ku ji abin da ke ƙarƙashinsa.

Sunan fari shi ne 'Yar Mafarki. Daga Tibiri ta Gobir aka kawo ni gidan kakanku, gidan magina tukwane ne tun iyaye da kakanni, ni kuwa ban taɓa riƙe yumɓu ba. Aikin da aka fara ba ni shi ne ɗauko yumɓu daga ramin fadama zuwa gida, a kwando, a ka, sawu shida kafin azahar. Wata safiya cikin bazara muna tafe a jere, ni da matan unguwa, sai na tsaya cik. Wani gajimare na gani a gabas, ƙasansa a miƙe kamar an yanke da wuƙa, samansa yana tashi kamar kumfar nono. Dije da ke bayana ta yi karo da ni, yumɓunta ya zube. Dije sa'ata ce, da wata ɗaya ta riga ni zuwa unguwar, bakinta kuwa ya fi ƙafarta sauri.

"Ke Bagobira, a garinku babu sama ne?"

"Akwai," na ce, "kuma ba a hana mu kallonta."

"To kalla, 'yar mafarki. Mu da muka zo aiki mu wuce."

Kafin la'asar sunan ya zaga unguwa. Shekara goma da wani abu ina amsa shi.

Da labari ya kai wa Iya, uwar kakanku, ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni bayan ɗaki ta ce, "Mi kika gani?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kansa ta wane gefe ya karkata?" Na ce ban lura ba. Ta ce, "Gobe ki lura." Ashe Iya ce mai duban gari ta matoyarmu.

Matoya ita ce filin bayan gari inda ake toya tukwane. Mace ɗaya ba ta iya tara makamashin da zai gasa nata ita kaɗai, don haka toyi na tarayya ne. Matan unguwa duka su kawo ginin mako uku ko huɗu, a jera shi tsibi ɗaya, a rufe da tsingaro da kara da kandilo da ƙaiƙayi, a sa wuta ɗaya. In an sa ta an sa ke nan, ba a kashe ta, ba a ɗage ta zuwa gobe. Iska in ta zo da ƙarfi sai ta kora wutar gefe guda, wani ɓari ya ƙone wani ya tashi ɗanye, tukunya ta tsage. Ruwa in ya faɗa kan randa mai zafi, ko ɗigo goma ne, ta tafi. Cikin rani babu fargaba sosai. Amma daga lokacin da shamuwa ta iso har a rufe matoya saboda damina, kowane toyi sai an sami wadda za ta ce a sa wuta ko a bari. Iya ce ke faɗa.

Ba da sama ta fara koya mini ba, da ƙasa ta fara. Ta ce wadda ba ta san kwana nawa randa ke ci ba, ba ta da bakin cewa a sa mata wuta. Shekarar farko jiƙa yumɓu da takawa, da daka tsingaro ya zama gari a cuɗa a ciki don kada gini ya tsage. Ƙafa ce ke gane tsakuwa, ba ido ba. Shekara ta biyu ta miƙo mini dundunge, curin gasasshen yumɓu mai kamar kan taɓarya, wanda ake bugun cikin tukunya da shi. A zauna a gaban ɗan rami da aka shimfiɗa wa tabarma, a ɗora curi, ana bugu ana juyawa, ana bugu ana juyawa, har ciki ya buɗe. Dundungen Iya na uwar mijinta ne, gefensa ya lotsa daidai wurin babban yatsa. Nawa yatsan bai kai ramin ba sai da na shekara biyar. Kaskona na farko ta ɗaga shi ta duba a rana, ta jefa cikin ruwan jiƙo. Na ashirin da wani abu ta bari ya bushe. Daga kasko zuwa tukunyar miya, daga ita zuwa tulu, wuyan tulu kaɗai ya ci mini damina biyu. Randa kuwa sai da na yaye ɗana na biyu. Kafin a kai gini matoya a shafa masa jar ƙasa, a goge da 'ya'yan kuka da aka zarga a zare, har ya riƙa ɗaukar ido.

Karatun sama a tsakanin waɗannan yake shigowa, ba a zaune ba. Muna jan ruwa ta ce, "Taɓa igiyar gugan nan. Jiya haka take?" Muna girki ta ce in duba hayaƙi, ya miƙe ne ko ya kwanta yana bin katanga. Gishirin da ke cikin ƙoƙo, in ya fara dunƙulewa, magana ce. Tsattsewa in ta sauko tana sharar ƙasa, magana ce. Tukunyar da ya kamata ta bushe a kwana uku ta kai na huɗu da sanyi a gindi, ita ma magana ce. Da asuba mu fita bakin gari mu fuskanci gabas, don daga can hadarinmu yake zuwa. Ta nuna mini baƙin hadari mai ruwa, da fari mai alkawarin banza, da ja wanda iska ce zalla, shi ne ta fi tsoro. Ta nuna mini lokacin da taurarin Kaza da 'Ya'yanta ke ɓacewa daga sama da lokacin da suke dawowa. Ba ta taɓa cewa ga alama ɗaya da ba ta ƙarya ba. Cewa take, a tara su kamar yadda ake tara shaidu, a ji wa ya yarda da wa.

Sannan akwai ƙa'ida, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. Wadda ta ce a sa wuta, tukwanenta ne ake jerawa a bakin gabas, layin waje, inda iska da ruwa ke fara duka. In ta yi kuskure nata ke fara tafiya. Babu lada a duban gari, ko ƙwaryar hatsi ba a bayarwa. Abin da ke ciki shi ne in ta yi magana ana ji, kuma ana ji ne saboda kowa na ganin randunanta tsaye a gabas.

Da idon Iya ya fara hazo, wata safiya ta tsaya a bakin gari ta daɗe, sannan ta ce, "Faɗa mini abin da ke can." Na faɗa. Ta ce, "To mi za mu ce musu?" Na ce a toya. Ta ce, "Je ki faɗa da bakinki, ki kwashi naki ki kai gabas." Ran nan na ci suna na biyu, mai duban gari. Ku lura, ba garin da ake zama ake nufi ba, garin nan ne da ke wayewa, ya yi zafi, ya yi luf. Kuma ba duba irin na masu zana ƙasa ba ne, ba na gaya wa kowa wa zai aura. Sunan ya girme ni, ya girmi Iya, gadonsa ake yi kamar dundunge. Na yi kuskure a cikinsa. Shekarata ta uku na ce a toya, ruwa ya sauko kafin wuta ta ci rabi, tuluna goma sha ɗaya suka tafi, na bayana suka tsira da kaɗan. Ba wadda ta zage ni. Sun ga inda nawa suke.

Shekarun nan sun yi daɗi. Ranar Juma'a tun da duhun asuba kakanku ya ɗaura wa jakai kaya cikin raga da haki, mu bi bakin gulbi zuwa kasuwar Maraɗi. Mai sayen randa ba ya gaggawa. Ya ƙwanƙwasa ta da zobe ya kara kunne. In ta amsa rau kamar ƙarfe, lafiya take. In ta ce ɓus, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Akwai wata Hajiya, matar wani attajiri, duk shekara randa biyu take saya a wurina, ta ce ruwan firjinsu yana sa mata ciwon haƙori, na randa kuwa yana da ƙamshin ruwan farko. Sai ta yi rabin sa'a tana kushe kayan, wannan bakinta a karkace, waccan ta cika nauyi, sannan ta sa a ɗora mata su a mota. Fulani su sayi tulu, masu waina su sayi tanda, amare a saya musu tukwane jere da kaskon turare. Ba a kai gawa kabari ba tare da an nemi tulunmu na ɗibar ruwa ba. Tun daga wankan jego har can muna ciki.

Sai roba ta shigo daga Najeriya, bokiti da jarka da baho, ja da kore, a yar ba su fashe ba. Tukunyar dalma ta kori tukunyar miya. Ana cikin haka aka buɗe jam'iyyu, aka rage wa kuɗinmu sefa daraja, ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, lakwal a rufe yau a buɗe gobe. Matan ma'aikata da ke sayen kayanmu suka koma tambaya su wuce. Sau uku muka kai kaya Maraɗi muka dawo da fiye da rabi, kuma kayanmu ba ya son tafiya biyu.

Cikin wannan hali mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo da farar mota, suka tara mu a gindin bedi, itacen dogon-yaro, suka ce mu kafa gurupma, wato ƙungiya. A zaɓi shugaba, kuma kowace shawara a ɗaga hannu, masu yawa su rinjaya. Aka zaɓi Dije, har da hannuna. Gaskiya ta iya. Ita ta samo mana amalanke biyu, ita ta tsaya aka daina tare mu a bakin kasuwa. Ita ce kuma ta raɗa mini suna na uku. A rediyo bayan labarai akwai mai faɗar yadda gari zai kasance, ana ce da abin meteyo. Wata rana na ce a jinkirta toyi, Dije ta ce, "Rediyo na da meteyo, mu ma muna da Madam Meteyo, tamu ma ba ta cin batir." Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma na lura daga ran nan in na yi magana ana murmushi kafin a ji.

Aikin da nake so ku riƙe ya zo ne a ƙarshen wata bazara. Wani Alhaji mai fataucin atamfa a unguwar Zariya ta Maraɗi ya zo da kansa har gindin bedi. Jam'iyyarsa za ta yi mitin ranar wata Asabar. Ya ce 'yan ɗaya jam'iyyar sun ba mutane ruwa a tano, gangar ƙarfe, rana ta dafa shi, har yau ana yi musu gori. Shi randa yake so, arba'in, a jera bakin titi, kowa ya sha mai sanyi ya san wa ya shayar da shi. Sharaɗinsa ɗaya, su isa Maraɗi ranar Juma'a. Shekara biyu ba mu ga ciniki irin wannan ba. Muka gina arba'in da takwas, don wuta kullum tana cin rabonta. Nawa bakwai ne, kuma su ne manya, don ni nake yi musu kauri. Kowace mace za a biya ta gwargwadon nata da suka fito lafiya.

Randunan ba su gama bushewa ba sai ranar Laraba. Shamuwa ta riga ta yi sheƙa. Da asuba na fita bakin gari. Sama fes take, ko gajimare ɗaya babu. Amma gishirina ya dunƙule, hayaƙin unguwa ya kwanta, iskar yamma da ta saba tasowa da hantsi ta ɗauke ɗif, kuma can ƙasan gabas akwai wani launi kamar na tsohuwar jar ƙasa da aka wanke. Na je matoya na tarar har an fara sauke kara.

Na ce, "A bari sai gobe."

Dije ta ɗaga kai ta juya ta dubi ko'ina. "Madam, ina hadarin?"

"Ba ruwa ba ne. Iska ce, tsakanin la'asar da magariba."

"In an bari gobe, goben kin gan ta?"

"Ban gan ta ba. Yau na gani."

"To ni Juma'a nake gani. In gobe ta ƙi fa, mu ce wa Alhaji ya ɗage mitin saboda gishirin Bagobira ya jiƙe?"

Wata ta ce ai yanzu ba a yin abu da bakin mutum ɗaya, a ɗaga hannu. Mu goma sha bakwai ne. Hannu goma sha biyar suka tashi. Saura ni da wata tsohuwa da ba ta ji abin da ake cewa ba.

Aka shiga jeri. Ina tsaye ina kallo, kowa ta ɗauko nata ta nufi yamma ko tsakiya, har ana 'yar rige-rige. Tsibi ya tashi, bakin gabas a buɗe kamar wawulo. Dije ta share zufa ta ce, "Bagobira, kawo naki, gabas na jira."

Na ce, "Gabas ta wadda ta ce a toya ce. Ni na ce a bari. Ku goma sha biyar kuka ce, ku raba ta."

Ba wadda ta yi tunanin wannan lokacin ɗaga hannu. Tun da aka kafa matoyar baki ɗaya ke magana, kaya ɗaya ke tsayawa. Yau ga baki goma sha biyar, ba kayan ko ɗaya. Aka fara 'yan maganganu. Wannan ta ce nata sirara ne, waccan ta ce ita bayan kowa ta ɗaga. Sai wadda ta kawo shawarar farko ta ce a sake ɗaga hannu a kan wadda za ta tsaya. Aka ɗaga, ya faɗa kan Salamu.

Salamu bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ba 'yar gidan magina ba ce, da girmanta ta koyi gini bayan mijinta ya rasu, kuma ba ta da 'yar'uwa ko ɗaya a cikinmu. Ba ta kai ga randa ba, tuluna da ƙananan tukwane ta kawo don ta raɓa da wutarmu. Aka ce ai nata ƙanana ne, ko sun fashe asarar kaɗan ce. Ta sunkuya ta fara ɗauka.

A nan ne sana'a ta yi magana. Ƙaramar tukunya ba ta tare iska. In aka jera na Salamu a gabas, iska za ta tsallake su ta shiga zuciyar tsibi, ta bi ta tsakanin randuna, ba za a fitar da goma ba. Layin gabas katanga ne, kuma katanga da manya ake yinta. Ina iya mayar da nawa gida, amma ɗanyen gini ba ya kai ƙarshen damina a ɗakin da ke yoyo. Na ce wa Salamu ta kai nata tsakiya. Na sa aka mirgino randunana bakwai, na jera su kafaɗa da kafaɗa, na juya bakinsu yamma, na toshe tsakaninsu da manyan tsingaro, na ninka musu ƙaiƙayi da toka.

Dije ta matso ta ce a hankali, "Kin canja magana ke nan?"

Na ce, "Ban canja ba. Sa wutarki."

Bayan azahar aka sa. Ta kama da kyau, hayaƙi fari, matan suna raha. Aka yi la'asar lafiya. Wata ta ce, "Madam, ko a ƙara miki lokaci?" Ba ta daɗe da rufe baki ba kaji suka fara gudu. Gabas ta yi ja tun daga ƙasa har sama kamar an tayar da bango. Da ta iso sai harshen wuta ya kwanta shame-shame a kan tsibi, kara mai ci yana tashi sama, muna ɗibar toka da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi muna watsawa, zane yana nannaɗe mana ƙafa. Cikin wannan ƙugi kunnena yana gabas. Randa in za ta tafi ƙara ɗaya take yi, tas, kamar an karya busasshen icce. Na ji ta farko, na ji ta biyu. Aka yi 'yan ɗigo masu sanyi, na ji uku a jere. Daga nan ban ƙara saurara ba. Kafin kiran magariba iska ta wuce yamma, gari ya yi shiru, wuta ta koma cinta a hankali.

Da safe aka buɗe. Nawa bakwai duk sun tafi, wata ta rabe biyu, wata tana tsaye amma in ka ƙwanƙwasa ɓus. Bayansu kuwa randa arba'in da ɗaya, jajaye, kowace tana amsawa rau. Na Salamu ko ɗaya bai yi ƙwarzane ba. Aka rangaɗa guɗa. Na ji ana cewa ga shi an toya lafiya, da an bi ta Madam da an zauna. Dije ba ta yi guɗa ba. Ta tsuguna a gabas ta ɗauki wani ɓari tana juya shi, bayansa baƙi ƙirin inda iska ta doka, cikinsa ja.

"Kin juya bakinsu yamma," in ji ta.

"Na juya."

"Kin san za su tafi."

"Jiya na faɗa."

Ta ajiye ɓarin ta tashi ta tafi wajen lodin amalanke.

Kuma bari in gaya muku abin da ba na ɓoyewa. Ranar Alhamis ɗin nan, goben da na ce a jira, da la'asar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, har gulbi ya motsa. Da an bi maganata da ba a toya ba sam, da Alhaji ya koma wa tano. Laraba na gani, ban ga Alhamis ba. Dije ba ta ga ko ɗaya ba, amma lissafinta ya fita. Tun daga wannan toyi ba a ƙara aiko yarinya ƙofar gidana da asuba a ce mi na gani ba. Hannu ake ɗagawa. Randunana bakwai na daka su na mayar gari, suka shiga cikin ginin shekarar da ta biyo.

To ga yadda kowa ya ƙare.

Alhaji ya yi mitin ɗinsa, an sha ruwa an yaba. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, jam'iyyun suka yi shiru na wani lokaci. Ya rarraba randunan a ƙofofin masallatai, shi kuma ya koma kan atamfarsa har Allah ya karɓi abinsa. Shekarun baya da aka kai ni asibiti a Maraɗi na hangi ɗaya a ƙofar wani gida a Zariya, an shuka fure a ciki. Ginin Dije ce, na gane wuyan.

Salamu ta iya randa daga baya, a hannuna. Ta koma Maraɗi wurin babban ɗanta, tana gina tanda da murhu a bayan tasha, masu waina suna layi. Duk sallah tana aiko mini da goro da turmin zane, ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Kakanku ya sayar da jakan da amalanke ta zo, ya kama noman rani a fadama, a can ciwon ajali ya same shi. Matoya tana nan, ta ragu, rabinta an yi gidaje. Ni kuwa ga ni, hannu ya daina riƙe dundunge, ido ya bi na Iya.

Saura Dije. Ta riƙe shugabanci har ƙarshen ranta, kuma ba ta taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban ce mata ta yi ba. Amma toyin farko bayan damina, da aka gama ɗaga hannu, ba ta jira kowa ba. Ta mirgina randunanta da kanta ta kai gabas. Ta ce ita ke ƙirga hannu, ita ke cewa a sa wuta, don haka wurin nata ne. Haka ta yi shekara tara, ta yi asarar da ban iya lissafawa. Daga shekara ta biyu na fara tarar da ita a bakin gari da asuba, ta riga ni, ta harɗe hannu a baya tana fuskantar gabas. In tsaya gefenta. Ta ce, "Bagobira, kin tashi lafiya?" In ce lafiya lau. Ba ta tambaya, ba na faɗa. Sai dai in na ga abin da ban so ba, in yi tari sau biyu. Ran nan in an taru a gindin bedi, sai ka ji shugaba ta ce kara bai isa ba, a bari sai jibi.

Cikin wata bazara ta rasu, ranar toyi, da hantsi. Matan suka rasa yadda za su yi da randunanta biyar da ke shanye a tsakar gida. Ɗiyarta ta zo ta tambaye ni. Na fita na duba, na ce a toya, a kai su inda ta saba ajiyewa. Duka biyar suka fito.

Nan zancen ya tsaya. Nana, rufe alƙalaminki, a miƙo mini buta.